In Aka Ba Mu Kumbo Guda, Wane Dutse Za Mu Nufa?

Wannan makon muna so mu ɗan raba ku da littattafan jarrabawa, mu ɗaga kawunanku sama, can inda wasu duwatsu ke shawagi kusa da hanyar da duniyarmu ke bi wajen zagaya rana. Waɗanda aka riga aka gano aka yi wa rajista sun haura 35,000, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi ba a ƙara wani ba. Wani bai fi motar haya girma ba, wani ya kai unguwa guda, wani kuwa tsawonsa ya wuce kilomita 30. A cikin duk wannan taro, waɗanda ɗan'adam ya taɓa aika kumbo ya isa gare su ba su kai goma ba.

Mu biyar ne muke karatu tare, maza uku mata biyu, dukanmu 'yan aji biyu a sashen fiziks na jami'a. An ba mu aikin gida mai tambaya guda: in an ba ku kumbo ɗaya tak, da man da ba a iya ƙarawa a hanya, wane dutse za ku zaɓa, kuma don me? Tambayar kamar wasa, amma sai da ta cinye mana zango guda muna karatu muna gardama. Abin da muka tsinta a hanya shi muke so mu raba da ku.

Su wane ne waɗannan duwatsun?

Masana suna kiran su astiroyid, mu kuwa a nan za mu ce musu duwatsun sama. Ragowar kayan gini ne. Shekaru kimanin biliyan huɗu da rabi da suka wuce, ƙura da iskar gas suka dunƙule suka zama rana da duniyoyin da ke kewaye da ita. Kamar yadda magini ke gama gida a bar tsakuwa da ɓaraguzan bulo a gefe, haka aka bar waɗannan. Mafi yawansu suna can a wani fili tsakanin duniyar Mars da duniyar Jupita. Amma karo da juna, da jan da Jupita ke yi musu, da wani ɗan turi da zafin rana ke yi a hankali, sukan sa wasu su baro can su gangaro unguwarmu.

Kada kalmar "kusa" ta ruɗe ku. Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne. Duk dutsen da hanyarsa ke kawo shi cikin kilomita miliyan 195 daga rana, ana lissafa shi cikin na kusa da duniya. Wato dutse yana iya wuce mu da tazarar miliyoyin kilomita, har yanzu a ce maƙwabcinmu ne. Wata kuwa, don ku kwatanta, kilomita 384,000 ne kawai tsakaninmu da shi.

Abin da muke gani ya gilma da dare mu ce tauraro ya faɗi, galibi ɗan tsakuwa ne da bai fi ƙwayar gero ko ta gyaɗa ba, ya shigo iskar duniya da gudu ya ƙone. In ya ɗan fi haka girma, wani ɓangarensa yakan tsira ya faɗo ƙasa. Haka ta faru a Zagami da ke lardin Katsina ranar 3 ga Oktoban 1962, lokacin da dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo dab da wani manomi a gonarsa. Daga baya bincike ya nuna wannan dutsen ɓallen duniyar Mars ne, kuma yau gutsattsarinsa suna ɗakunan bincike a ƙasashe da dama.

Nan ne ɗaya daga cikinmu ya yi tambayar da ta dace: tun da duwatsun suna zuwa da ƙafarsu, me ya kai mu kashe kuɗi mu bi su? Amsar ita ce, dutsen da ya faɗo ya riga ya sha wuta a hanya, sannan ruwan sama da iska da ƙwayoyin halittar ƙasa sun taɓa shi. In ka sami wani sinadari a jikinsa, ba ka da tabbacin daga sama ya zo da shi ko a nan ya kwasa. Bayan haka, yawanci ba ka san daga jikin wane uban dutse ya ɓallo ba. Wanda ya je da kansa ya ɗebo, ya rufe a mazubi mai tsabta, shi ya san abin da ke hannunsa. Gani ya kori ji.

Tankaɗe da rairaya

Abin da ya fi taimaka mana shi ne yadda hukumar NASA ta Amurka ta zaɓi dutsen Bennu. A lokacin da suke zaɓen, duwatsun sama da aka sani sun kai 500,000. Sai suka yi abin da iyayenmu mata ke yi da gari: suka zuba a rariya, suka yi ta tankaɗe.

Rariya ta farko ita ce kusanci. Daga 500,000 aka koma kimanin 7,000, wato na kusa da duniya da aka sani a wancan lokacin.

Rariya ta biyu ta fi ba mu wahalar fahimta, kuma ita ce ta fi muhimmanci. A sararin samaniya, nisa ba shi ke shan mai ba, sauya gudu ne. Duniyarmu tana gudun kilomita 30 a sakan guda wajen zagaya rana, wato tafiyar Kano zuwa Kaduna cikin sakan takwas. Duk kumbon da ya tashi daga nan ya gaji wannan gudun da wannan alƙiblar. Ku ɗauka kuna cikin mota a babban titi, kuna son miƙa wa wani saƙo a wata motar. In motar tana gefenku, kun nufi wuri ɗaya da gudu kusan iri ɗaya, hannu kawai za ku miƙa. In kuwa ta gitta ta gabanku a mararraba, ko da ta kusa gogar ku, ba ku isa ku ba ta komai ba. Haka abin yake. Dutsen da hanyarsa ta yi kama da ta duniya, ba ta karkace sosai ba, ba ta kuma miƙe ta yi nisa ba, shi ne mai arhar zuwa. Akwai waɗanda isa gare su bai kai sauka a kan wata shan mai ba, saboda wata yana da ƙarfin janyowa, sai an ƙona mai a taka birki wajen sauka, a sake ƙonawa wajen tashi. Da aka yi wannan tankaɗen, 192 suka rage.

Rariya ta uku girma ce. Duwatsun da faɗinsu bai kai mita 200 ba sukan yi juyi da sauri ƙwarai, wasu cikin mintuna kaɗan sun kammala zagaye. Ku zuba gero a faifai ku juya shi da ƙarfi ku ga inda geron zai nufa. Dutse mai irin wannan juyin ana sa ran ya watsar da yashi da tsakuwar da ke bisansa, kuma matso da kumbo kusa da shi akwai haɗari. Saura 26.

Ta huɗu ita ce abin da dutsen ya ƙunsa. Wasu duwatsun tsakuwa ce zalla, wasu ƙarfe ya yi musu yawa, wasu kuwa baƙaƙe ne kamar gawayi, cike da sinadarin kabon da ma'adinan da suka taɓa jiƙa da ruwa. Waɗannan na ƙarshen ake nema, don su ne ake zaton suna riƙe da labarin yadda ruwa da kayan haɗin rayuwa suka iso duniya. Biyar kacal suka tsallake. A cikinsu aka ɗauki Bennu, mai faɗin kusan mita 500, wanda aka gano a 1999, yake kuma matsowa kusa da mu duk bayan shekara shida. Sunan ma wani yaro ɗan shekara tara ne ya raɗa masa a gasar da aka shirya wa ɗalibai, ya aro shi daga sunan wani tsuntsu a labaran tsohuwar Masar.

Kuna iya tambaya, ta yaya aka san duk wannan alhali a madubin hangen nesa dutsen ɗigon haske ne kawai? Mu ma abin ya burge mu. Dutsen da ba mulmulalle ba ne, in yana juyi, haskensa yakan ƙaru ya ragu. Ka auna lokacin da ke tsakanin ƙaruwa da ƙaruwa, ka sami saurin juyinsa. Da haka aka san Bennu yana juyi sau ɗaya cikin awa huɗu da 'yan mintuna. In kuma aka rarraba hasken da yake maidowa zuwa launuka kamar bakan gizo, kowane ma'adini yana da launukan da yake shanyewa, sai a gane shi kamar yadda ake gane mutum da zanen yatsa. In dutsen ya matso sosai, akan harba masa igiyar rediyo daga manyan faranti, a saurari amsa-kuwwa, a zana siffarsa. Duk wannan lissafi ne da jadawali, irin wanda ake koya muku a aji, sai dai an ƙara masa zurfi.

Dutse ba ya cika alkawari

Darasi na biyu da muka koya shi ne, komai kyan shiri, sai an je ake sanin gaskiya. Kumbon farko da ya zagaya irin wannan dutse shi ne NEAR Shoemaker, wanda ya isa Eros a 2000 ya kuma sauka a kansa a watan Fabrairun 2001. Amma labarin da ya fi taɓa mu na Japanawa ne.

A watan Mayun 2003 suka harba kumbon Hayabusa, sunan wani nau'in shaho a harshensu, zuwa dutsen Itokawa mai tsawon mita 500 da ɗoriya. Ya isa a 2005, sai matsaloli suka yi masa rubdugu. Na'urorin da ke daidaita masa fuska suka lalace. Harsashin da aka shirya zai harba ya tayar da ƙura don a ɗiba bai tashi ba. Mai ya riƙa yoyo, kumbon ya shiga wulwulawa, aka yi kusan mako bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba. Injiniyoyin ba su tashi daga kan kujerunsu ba. Suka ci gaba da aika saƙo har ya amsa. A hanyar dawowa injinansa suka riƙa mutuwa, har sai da aka haɗa rabin wannan da rabin wancan aka sami guda mai aiki. Ranar 13 ga Yunin 2010, bayan lattin shekara uku, mazubinsa ya sauka a hamadar Ostireliya. Da aka buɗe, kamar babu komai a ciki. Sai da aka sa madubin ƙara girma aka tsinci ƙwayoyin ƙura kimanin 1,500, mafi yawansu ba su kai kaurin gashi ba. Da su aka tabbatar cewa duwatsun da suka fi yawan faɗowa duniya daga jikin irin su Itokawa suke. Mai haƙuri yakan dafa dutse, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ta kusa zama a zahiri.

Magajinsa Hayabusa2 ya tashi a 2014 ya nufi Ryugu. Ya harba masa dunƙulen tagulla ya haƙa rami, don a sami ƙasar ciki wadda hasken rana bai daɗe yana duka ba. A Disambar 2020 ya dawo da giram 5.4, kimanin cokalin shayi guda.

Na Amurka kuwa, OSIRIS-REx, ya tashi a Satumbar 2016 ya isa Bennu a Disambar 2018. Awon da aka yi daga nan duniya ya sa ana tsammanin za a tarar da filayen yashi masu laushi. Da hotuna suka iso, sai ga manyan duwatsu ko'ina, wasu sun kai gidan bene. Da ƙyar aka sami wani ɗan fili da bai fi wurin ajiye motoci kaɗan ba. Ga shi saƙo daga nan yana ɗaukar minti 18 kafin ya isa can, don haka babu mai iya tuƙa kumbon da hannu, sai dai a koya masa gane wurin da kansa. Ranar 20 ga Oktoban 2020 ya miƙa hannunsa ya taɓa dutsen, ya hura iskar naitirojin don tsakuwa ta tashi ta shiga mazubi. Sai hannun ya nutse kusan rabin mita, kamar an tura shi a buhun gero. Ashe Bennu tarin tsakuwa ne da ɗan ƙarfin janyowa ya riƙe. Janyowar ma ba ta taka kara ta karya ba: da mutum zai tsaya a kansa ya yi tsalle, ya tafi ke nan.

Mazubin ya sauka a hamadar Utah ranar 24 ga Satumbar 2023. Giram 60 aka yi fata, aka sami 121.6. A ciki an gano 14 daga cikin sinadaran amino 20 da jikin halittu ke gina furotin da su, da tubalan da ake rubuta bayanan gado da su, da gishirin da ke nuna ruwa mai kanwa-kanwa ya taɓa kwanciya a jikin uban dutsen da Bennu ya ɓallo daga gare shi. Ku lura, ba a ce an sami rai ba. Kayan haɗi aka samu, kuma tsakanin gari da tuwo akwai aiki.

Sau da yawa za ku ji ana cewa akwai zinariyar tiriliyoyin daloli a duwatsun sama. Ku riƙa tuna cewa an kashe kimanin dala biliyan ɗaya kafin a kawo abin da bai cika kofin shayi ba. Har yau babu wanda ya haƙo ma'adini a can don sayarwa. Abin da masana suka fi sa wa ido shi ne ruwa, domin in aka raba shi gida biyu ana samun iskar shaƙa da man roka, wanda wata rana zai iya hutar da matafiya ɗaukar komai daga gida.

Rigakafi

Dalili na biyu na zuwa shi ne tsaron kai. Ranar 15 ga Fabrairun 2013, dutse mai faɗin kimanin mita 20 ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha. Babu wanda ya hango shi, don ta ɓangaren rana ya ɓullo. Mutane suka ga haske suka ruga taga kallo, bayan ɗan lokaci ƙarfin fashewar ya iso ya tarwatsa gilasai. Kimanin mutum 1,500 suka ji rauni, mafi yawa daga gilashi. Wannan darasi ne kyauta: in kun taɓa ganin haske mai kashe ido a sama, ku nisanci taga.

Za a iya kawar da dutse daga hanyarsa? An gwada. Ranar 26 ga Satumbar 2022, kumbon DART ya yi karo da gangan da Dimorphos, wani ɗan dutse mai faɗin kimanin mita 150 da ke zagaya babban wansa Didymos. An zaɓe shi ne da dabara. Ba ya barazana ga kowa, kuma tun da yana gilmawa ta gaban wansa a kai a kai, ana iya auna lokacin zagayensa daga nan duniya kamar agogo. Kafin karon, awa 11 da minti 55 yake ɗauka. An ce ko sakan 73 aka rage an yi nasara. Sai aka rage fiye da rabin awa, saboda tsakuwar da ta yi tsiri ta baya ta ƙara tura shi. Turawa sun aika nasu kumbon mai suna Hera a Oktoban 2024 don ya je ya duba irin ɓarnar da aka yi.

Kun ga inda zancen ya haɗu. Turin da zai yi wa dunƙulallen dutse aiki daban yake da wanda zai yi wa tarin tsakuwa. Dole a san maƙwabci tun kafin ranar rigima. Shi kansa Bennu an lissafa yana da damar ɗaya cikin 2,700 ta bugun duniya a shekarar 2182, kuma zafin rana yana gusar da hanyarsa da kimanin mita 280 duk shekara. Da aka je aka zauna da shi, an ƙara inganta wannan awon.

Akwai wani abu da muke so ku riƙe saboda jita-jitar waya. A farkon 2025 labarin dutsen 2024 YR4 ya cika gari. Yiwuwar ya bugi duniya a 2032 ta yi ta hawa har ta kai kashi uku cikin ɗari, sannan cikin 'yan kwanaki ta faɗo kusan sifiri. A gidajenmu an tambaye mu ko masanan ne ba su san abin da suke yi ba. Ga yadda muka bayyana. Ku haska tocila a bango, ku ɗiga alama da alli a cikin da'irar hasken. Da'irar ita ce duk wuraren da dutsen zai iya bi, alamar ita ce duniya. Kowane sabon awo yana tsuke da'irar. Muddin alamar tana ciki, kason da ta mamaye sai ya ƙaru, don haka lambar ke hawa. Ranar da da'irar ta tsuke ta bar alamar a waje, lambar ta faɗi gaba ɗaya. Hawan da saukar duk alamar aiki ne yana tafiya daidai.

Ɗaliban da suka taka hamada

Kada ku ɗauka wannan fagen na masu kumbo ne kaɗai. A ranar 6 ga Oktoban 2008, wani mai duban sama a Amurka ya hango ɗan dutse mai faɗin mita huɗu. Aka yi lissafi aka ce gobe da asuba zai faɗa arewacin Sudan, haka kuwa aka yi. Wannan ne karon farko a tarihi da aka ga dutse a sama tun kafin ya iso. A watan Disamba, malami Muawia Shaddad na Jami'ar Khartoum da wani masani mai suna Peter Jenniskens suka kwashi ɗalibai da ma'aikata zuwa hamadar Nubiya. Suka jeru sahu guda suna tafiya a ƙasa, ido a kan yashi, suna neman baƙin tsakuwa. A zuwa da dama an tsinci gutsattsari kimanin 600, aka sa musu suna Almahata Sitta, wato tasha ta shida, saboda tashar jirgin ƙasa da ke kusa. An auna launin hasken dutsen yana sama, ga shi kuma an riƙe shi a hannu, sai aka iya gwada wannan da wancan. Abin da wasu ke kashe biliyoyi su samu, ɗalibai sa'anninmu suka samo shi da ƙafa da haƙuri.

To, wanne muka zaɓa?

Ba mu haɗu a kan amsa cikin sauƙi ba. Biyu daga cikinmu suka tsaya a kan baƙin dutse mai kabon, suka ce samfuri biyu ko uku ba su isa a yanke hukunci kan asalin ruwan duniya ba. Ɗaya ta ce a'a, ƙananan nan da rariya ta zubar su ya kamata a bi, domin irinsu ne suka fi yawa, irinsu ne suka fashe a Chelyabinsk, kuma su ne aka fi jahilta. Hujjarta tana da ƙarfi, don Hayabusa2 yanzu haka yana kan hanyar zuwa wani ɗan ƙaramin dutse mai saurin juyi da ake sa ran zai isa a 2031, Sin ma ta harba kumbon Tianwen-2 a Mayun 2025 zuwa wani ƙarami da ake zaton ɓallen wata ne.

A ƙarshe muka rubuta Apophis. An gano shi a 2004, faɗinsa kimanin mita 340, kuma a farko ya tayar da hankali kafin ƙarin awo ya nuna ba zai taɓa mu ba a cikin aƙalla shekara ɗari masu zuwa. Ranar Juma'a 13 ga Afrilun 2029 zai wuce da tazarar kilomita 32,000 daga doron ƙasa, ƙasa da inda taurarin ɗan'adam masu kawo mana tashoshin talabijin suke. Hujjarmu ita ce, janyowar duniya za ta lanƙwasa hanyarsa, ana kuma sa ran ta sauya juyinsa, wataƙila har tsakuwar bisansa ta zame. Gwaji ne da babu ɗakin binciken da zai iya shirya shi, ga shi zai zo har ƙofar gida. Kumbon da ya kawo samfurin Bennu ma an riga an juya akalarsa zuwa can.

Wani abin daɗin shi ne, a daren nan Afirka na cikin wuraren da za a fi ganin sa, da ido ƙuru-ƙuru, kamar ɗan tauraro yana tafiya a hankali cikin 'yan'uwansa. Ɗan ƙauyen da babu hasken lantarki zai fi ɗan birni morewa. Mun kuma san tun kafin ranar za a cika wayoyi da saƙonnin tsoratarwa, a ce duniya za ta tashi. A kowane gida za a bukaci mutum guda da zai iya zaunar da kaka da ƙanne ya yi musu bayani cikin Hausa, ya faɗi tazarar, ya faɗi yadda aka auna ta. Lokacin da yawanku kun gama sakandare, wasu suna jami'a. Muna fatan ku ne za ku zama wannan mutumin.

Ba za mu ɓoye muku ba, ana yi mana tambayar da za a yi muku: dutse za ku ci? Wani kawunmu yakan ce da likitanci aka karanta da an san inda aka dosa. Muna girmama maganarsa, don ya san tsadar rayuwa fiye da mu. Abin da muke ce masa shi ne, lissafin da ke bin sawun dutse a sama shi ne ke riƙe da taurarin ɗan'adam masu hasashen damina da auna gonaki da gano ambaliya. Nijeriya tana da hukumar sararin samaniya tun 1999, ta kuma harba tauraronta na farko a 2003. Wanda ya iya sarrafa hoto da lambobi a kwamfuta don gano ɗigon da ke motsi a cikin dubban taurari, ba zai rasa inda za a neme shi ba.

In abin ya ba ku sha'awa, ga inda za ku fara. Ku riƙe darasin kusurwoyi da na gudu da na zana jadawali da hannu biyu, don su ne harshen wannan fage. Ku riƙa fita tsakar gida da dare kuna koyon taurari, ku fara da Zara da Kaza da 'Ya'yanta, har idonku ya saba da abin da ke tsaye da abin da ke tafiya. Sannan ku gaya wa malaminku na fiziks ko na labarin ƙasa ya bincika shirin IASC a intanet. Kyauta ne: ana aiko wa ƙungiyoyin ɗalibai sababbin hotuna daga manyan madubai na Hawaii, su duba a kwamfuta su nemo ɗigon da ya gusa, su aika rahoto. Kwamfuta guda da ɗalibai huɗu ko biyar sun isa a kafa ƙungiya. Ranar 30 ga Yuni ta kowace shekara kuma ita ce ranar duwatsun sama ta duniya, don tunawa da wanda ya fashe a dajin Tunguska na Rasha a 1908, kuna iya roƙon shugaban makaranta ya ba ku minti goma a taron safe ku yi wa 'yan'uwanku bayani.

Tambayar da aka ba mu kuma mun bar muku ita. Ku zauna da abokanku ku yi naku tankaɗen, ku rubuto wa wannan shafi dutsen da kuka zaɓa da hujjarku. Allah ya ba da sa'ar karatu.